Bayan Bikin Rantsuwa: Sabon Lauya da Neman Gindin Zama a Abuja

A watan Janairun 1963 da Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya ta fara karatu a wani gida da ke titin Igbosere a Legas, ɗalibanta takwas ne kacal. A watan Yulin 2025, sababbin lauyoyin da aka rantsar a Abuja sun haura 5,000, har sai da aka kasa su rukuni-rukuni aka kwashe kwanaki ana yi, domin zauren da majalisar dattawan aikin lauya ta gina a Jabi ba zai ɗauke su a zama ɗaya ba. Kafin su, a watan Maris na 2024, an rantsar da wasu sama da 4,000.

Duk wanda ya taɓa ratsa Jabi a irin wannan rana ya san yadda ake cika maƙil: iyaye daga Kano da Sakkwato da Enugu da Ibadan, masu ɗaukar hoto, masu tallar hular gashi da baƙar alkyabba, 'yan uwa da kulolin abinci a bayan mota. Daga nan sai a shigar da sunan kowa cikin kundin lauyoyin ƙasa da ke Kotun Ƙoli, a ba shi lambarsa. Tun daga ranar an daina kiran sunansa a gida, ya zama Barista. Baffa mai rigimar gona ya soma bugo waya, gwaggo ta soma tambayar yaushe za a sayi mota.

Shi kuwa Barista, shekara biyar ya yi a jami'a, in ba a lissafa yajin aikin malamai ba, wanda na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Ya ƙara shekara guda a makarantar lauyoyi, ko a hedikwatarta da ke Bwari, inda aka dawo da ita a 1997, ko a Bagauda ta Kano, ko Yola, Legas, Enugu, Yenagoa ko Fatakwal. An koya masa yadda ake tsara takardar shigar da ƙara, da yadda ake yarjejeniyar sayen gida, da yadda ake kafa kamfani. Abin da ba ya cikin manhaja shi ne yadda mutum zai sa wani babba ya lura da shi a garin da bai da kowa.

Garin kotuna

A takarda, ba garin da ya kai Abuja jan hankalin lauya. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a watan Disambar 1991, manyan kotuna da hukumomi suka yi ta biyo ta. Kotun Ƙoli da hedikwatar Kotun Ɗaukaka Ƙara suna nan kusa da Majalisar Tarayya. Babbar Kotun Tarayya da Ma'aikatar Shari'a suna kan titin Shehu Shagari. Babbar Kotun Birnin Tarayya tana Maitama, da rassanta a Apo, Jabi, Kubwa, Nyanya, Bwari da Gwagwalada. Ga Kotun Ma'aikata, ga Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, ga kotun ƙungiyar ECOWAS. Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana nan, haka EFCC da ICPC da Babban Banki da hukumar zaɓe, kuma kowace tana da sashen shari'a, kowace kuma ana kai ta ƙara kusan kullum. Uwar ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, ofishinta yana tsakiyar birnin.

Aiki dai akwai shi. Yadda ake raba shi ne abin dubawa.

Manyan kamfanonin lauyoyi masu hulɗa da bankuna da kamfanonin mai, irin su Aluko & Oyebode, Templars da Banwo & Ighodalo, cibiyarsu Legas ce, reshe ne suke da shi a Abuja. Su ne suka fi tsari wajen ɗaukar ma'aikata: a nema a rubuce, a yi jarrabawa, a yi ganawa. Su ne kuma suka fi biya. Sai dai ƙofarsu ƙarama ce ƙwarai, kuma idonsu ya fi faɗawa kan masu sakamako na ɗaya ko na biyu mai daraja, daga jami'a da kuma makarantar lauyoyi. Wanda ya fita da sakamakon wucewa kawai, ko da ya fi kowa iya tsayuwa gaban alƙali, da wuya takardarsa ta tsallake tantancewar farko.

Ƙofa ta biyu gwamnati ce, kuma za mu zo kanta. Ta uku, wadda mafi yawan sababbin lauyoyi ke ƙwanƙwasawa, ita ce ta ofisoshin lauyoyi masu zaman kansu da suka cika benayen Wuse, Garki, Utako da Jabi, tun daga na manyan lauyoyi masu muƙamin SAN da ke da ɗakin karatu da janareta, har zuwa na mutum ɗaya da teburi biyu da sakatariya. Waɗannan ba su cika tallata gurbi a jarida ba. Idan ƙaramin lauya ya tafi, maigida ya ɗauki waya ya tambayi abokin aiki ko yana da yaro mai hankali, ko ya ce wa waɗanda ke ƙarƙashinsa su kawo wani daga cikin 'yan ajinsu. Kafin labari ya fita waje an cike gurbin. Shi ya sa wanda ya ɗauki ambulan yana hawa bene yana sauka yake jin amsa iri ɗaya daga bakin mai tarbar baƙi: “Oga yana kotu. Ajiye CV ɗinka, za mu neme ka.”

Sana'ar da aka gina kan girma

Ba mugunta ce ta sa haka ba, ko a ce ba ita kaɗai ba. Tsarin aikin ne ya ɗora ƙarami a hannun babba.

Tambayar farko da lauya ke yi wa lauya ita ce shekarar da aka rantsar da shi. A kotu, mai muƙamin SAN yana zama a sahun gaba, kuma ana fara kiran shari'arsa kafin ta kowa. Daga nan a bi girma. Sabon lauya kan iso tun kafin ƙarfe tara, ya zauna a baya har azahar, a ƙarshe a ɗage shari'ar da aka aiko shi cikin minti biyu. Muƙamin SAN ɗin, wanda aka fara bai wa Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas a 1975, ba a ko neman sa sai mutum ya shekara goma da rantsuwa. Alƙalancin babbar kotu ma shekara goma ne a tsarin mulkin 1999, Kotun Ɗaukaka Ƙara goma sha biyu, Kotun Ƙoli goma sha biyar. Duk wani abin alheri a wannan sana'a yana bayan shekaru ne, kuma shekarun sai an yi su a inuwar wani.

Sannan ƙa'idojin ɗa'ar aikin lauya, waɗanda aka sabunta a 2023, sun taƙaita talla matuƙa. Lauya ba zai bi gida-gida yana neman masu ƙara ba, ba zai ajiye ɗan kamasho a bakin caji ofis yana jawo masa mutane ba, ba zai fito ya ce ya fi wane iya aiki ba. Ana yi, kowa ya sani, kuma akwai sunan raini da lauyoyi ke kiran masu zaman jiran beli a harabar kotun majistare da shi. Amma a ƙa'ida laifi ne. Haka kuma ƙa'idar ba ta yarda lauya mai aiki ya haɗa da saye da sayarwa ba. Mai digirin tattalin arziki da bai samu aiki ba yana iya buɗe shagon waya hankalinsa kwance. Lauya kuwa sai ya waiga. Idan kuma ya karɓi aikin albashi a banki ko kamfani, ba zai tsaya wa kamfanin a kotu a matsayin lauyansa ba, wanda hakan ke nufin ya sauka daga turbar da ke kaiwa ga SAN.

To, mutumin da aka hana shi tallata kansa, ta ina masu ƙara za su san shi? Ta bakin wani. Nan ne sanayya ta daina zama ƙari, ta zama jarin sana'ar.

A Ingila, inda muka gaji hular gashin da alkyabbar, wanda zai zama barista dole ya yi shekara guda yana koyon aiki a ƙarƙashin gogagge, kuma hukuma ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a biya shi. A nan mun ɗauko biyayyar, mun bar ƙa'idar biyan. Babu dokar da ta tilasta wa babban lauya ya ɗauki ƙarami, babu kuma wadda ta faɗi albashinsa. Yaron shago a Kantin Kwari ya fi shi sanin matsayinsa: yana yi wa maigida hidima, maigida yana ci da shi, kuma kowa ya san akwai ranar sallama da jari. Ƙaramin lauya yana hidimar, amma ba alƙawarin ci, ba ranar sallama. Abin da ake ce masa shi ne yana samun gogewa.

An daɗe ana kokawa, har a tarukan NBA, cewa akwai ofisoshin da ke biyan lauya ƙasa da mafi ƙarancin albashin ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a watan Yulin 2024, akwai kuma waɗanda ba su da albashi sam sai ɗan kuɗin mota duk ranar da aka je kotu. A zamanin shugabancin Olumide Akpata, tsakanin 2020 da 2022, ƙungiyar ta kafa kwamiti kan wannan batu. A 2023, lokacin Yakubu Maikyau, aka fito da dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin da lauya zai caji mai ƙara. Dabarar ita ce idan ofis ya samu da kyau, ƙananan ma za su samu. Ko kuɗin yana gangarowa ƙasa, wannan ya rage ga imanin maigida.

Lissafin kuɗin mota

Wanda bai zauna a Abuja ba ba zai gane yadda nisa ke tace mutane ba. Kotuna da ofisoshi suna cikin gari, amma ɗakin da sabon lauya zai iya kamawa yana Mararaba ko Masaka a jihar Nasarawa, ko Kubwa, Dutsen Alhaji, Lugbe, Zuba, ko ma Suleja a jihar Neja. Mai tasowa daga Mararaba, in yana son ya riga alƙali shiga kotu, sallar asuba kawai zai yi ya fito, saboda cunkoson Nyanya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa. Ga fargabar motocin 'yan fashi da ke shigar burtu a matsayin tasi, musamman ga wanda aka riƙe a ofis har dare ana haɗa takardun gobe. Ga baƙar kwat da farar riga da dole su kasance a goge kullum. Ga kuɗin lasisin aiki da ake biya kafin ƙarshen watan Maris kowace shekara, da kuɗin reshe, da na hatimin da ba a karɓar takardar lauya a kotu sai da shi.

Ana yawan cewa a Abuja sai kana da ƙafa, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Gaskiya ne, ɗan alƙali ko ɗan babban sakatare da wuya ya yi yawon ajiye CV. Amma a ganina babbar fa'idar ɗan gata ba wayar da babansa zai buga ba ce. Ita ce ɗakin da yake kwana a gidansu a Gwarinpa, da motar da aka ba shi, da abincin da ke jiransa. Wannan ne ke ba shi damar ya zauna shekara biyu a ofishin babban lauya kan albashin da bai kai kuɗin mai ba, yana koyo, ana ganinsa, sunansa yana shiga cikin jerin waɗanda suka bayyana a manyan shari'u. Ɗan talaka da ya fi shi ƙwazo yana iya samun gurbin nan, amma bayan wata shida lissafi ya ƙi, ya tattara ya koma gida ko ya bi aikin da zai biya haya. Ba wanda ya kore shi. Jira ne bai da kuɗinsa.

Shi ya sa shekarar yi wa ƙasa hidima take da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, kuma shi ya sa ake kamun ƙafa a turo mutum sansanin Kubwa. Alawus ɗin da gwamnati ke biya, wanda ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000, shi ne tallafin da ke riƙe da sabon lauya a birnin har shekara guda, kuma ofisoshi suna son masu hidimar ƙasa domin ba su da tsada. Wanda ya yi dace ya yi amfani da wannan shekara ya nuna kansa, ana iya riƙe shi. Abin takaicin shi ne wani, ranar da aka riƙe shi ɗin, abin da ke shiga aljihunsa a wata sai ya ragu, domin alawus ya tsaya.

Inda ake ƙulla sanayya

Wanda bai gaji ƙafa ba yana iya sassaƙa tasa, kuma yawanci ba a wuraren da ake zato ake yin ta ba.

Mutane suna ɗauka a babban taron shekara-shekara na NBA ake haɗuwa da manya, irin wanda aka yi a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja a watan Agustan 2023. Ana haɗuwa kam, a gaisa, a ɗauki hoto, a karɓi kati. Amma babban lauyan da mutum ɗari suka miƙa wa hannu a yini ɗaya ba zai tuna fuskar kowa ba. Abin da ke zama a ransa shi ne yarinyar da aka turo ofishinsa lokacin da take makarantar lauyoyi, a watannin da ake tura ɗalibai kotuna da ofisoshi su ga aiki, ya ba ta tambaya da yamma, da safe ta kawo masa hukuncin Kotun Ƙoli da ya yi daidai da matsalar, da shafi da sakin layi. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar waɗannan watanni a matsayin lokacin karatun jarrabawa, su sa hannu a rajista su ɓace. Watannin nan ne kuma ganawar neman aiki mafi tsawo da za su taɓa samu.

Harabar kotu ita ce wuri na biyu. Awannin nan da ƙarami ke ɓatawa yana jiran a zo kansa, a nan yake ganin wane ne ya iya yi wa shaida tambayoyi, wane alƙali ne ba ya son dogon surutu. A nan ne kuma wani lauya da shari'u biyu suka haɗe masa a Maitama da Apo zai waiga ya ce, “Ɗan'uwa, don Allah riƙe mini wannan, ɗagewa kawai za ka nema.” Ɗan abin da zai bayar ba shi da yawa. Amma in ka yi daidai, ka bugo masa ka faɗi ranar da aka sa da abin da alƙali ya ce, gobe kai zai nema, jibi ya ba wani lambarka. Kada kuma a raina ma'aikatan rajista da masu kai sammaci. Su suka san inda fayil ya maƙale, su suka san ofishin da ƙaramin lauyansa ya ajiye aiki makon jiya. Sabon lauyan da ya shigo yana hura hanci don yana sanye da kwat, su za su fara koya masa darasi.

Sai taron wata-wata na rassan NBA, a cikin gari da Bwari da Gwagwalada, da dandalin matasan lauyoyi na waɗanda ba su wuce shekara bakwai da rantsuwa ba, da ƙungiyar lauyoyi Musulmi ta MULAN, da ta mata lauyoyi ta FIDA. Zuwa a zauna a baya a ci abinci a tafi ba ya haifar da komai. Wanda ya karɓi rubuta bayanin taro, ko ya bi tawagar da ke ziyartar gidan gyaran hali na Kuje don taimaka wa waɗanda ba su da lauya, shi ake sani da suna. Wasu manyan ofisoshi ma, irin na J-K Gadzama, suna shirya horo na musamman ga matasan lauyoyi.

Amma mafi amfani, kuma wanda aka fi sakaci da shi, shi ne sa'o'inka da waɗanda suka girme ka da shekara biyu ko uku. Su ne ke cikin ofisoshin, su ne maigida ke tambaya. Mafi yawan guraben da ke fitowa, a zauren WhatsApp na 'yan aji suke fara bayyana, kuma wanda zai kawo ka yana sa nasa mutuncin ne a kan layi, don haka wanda ya sani da cika alƙawari tun a makaranta zai kawo. LinkedIn ma ya shigo, kuma ya ɗan buɗe wata taga a bangon hana talla: matashin da ke rubuta sharhi mai ma'ana kan sabuwar doka, kamar ta kare bayanan jama'a ko ta sasanci da sulhu, duka na 2023, yana iya jawo idon wanda bai taɓa gani ba.

Ɗan Arewa a tsakiyar fage

A 1955 aka rantsar da Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilori a Landan, lauya na farko daga Jihar Arewa. Mohammed Bello na Katsina, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, da Aloma Mariam Mukhtar, macen farko da ta hau wannan kujera a 2012, duk a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa suka fara aiki. A zamaninsu aiki ne ke jiran lauya. Wannan tarihi ya bar mana wata ɗabi'a: har yau gidaje da yawa a Arewa ba su ɗauki lauya ya samu aiki ba sai ya shiga gwamnati, kuma yaro ya tashi da tunanin cewa wani kawu zai kai takardarsa inda ya dace.

Ga kuma tarbiyya. An koya mana kunya da kawaici, kada ka yabi kanka, kada ka tsoma baki manya na magana, kada ka cika naci. Halaye ne masu kyau, kuma a sana'ar da ke girmama na gaba suna da ranarsu. Amma ɗan Arewa kan gaida babban lauya da ladabi, “Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma,” ya koma gefe yana jiran a tambaye shi abin da ke tafe da shi, alhali takwaransa daga wani yankin ya riga ya faɗi sunansa da abin da ya iya, ya nemi izinin zuwa ofis ranar Litinin. Faɗin abin da ka iya a gaban wanda ke neman mai iyawa ba rashin kunya ba ne.

Kuma akwai abin faɗin. Wanda ya karanta dokar ƙasa haɗe da shari'ar Musulunci a jami'ar Zariya, ko ta Bayero, ko ta Usmanu Danfodiyo, yana riƙe da abin da yawancin abokan takararsa ba su da shi. Abuja tana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ƙananan kotunan da ke sauraron aure da gado, kuma rabon gadon attajirin da ya bar gidaje a Maitama da Asokoro ba ƙaramin aiki ba ne. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019 duk a nan hedikwatarsu take, kuma tun 2017 gwamnatin tarayya ke fitar da takardun sukuk. Duk waɗannan suna buƙatar wanda ya san tsarin cinikin Musulunci irin su murabaha da ijara ya kuma san dokar kamfanoni. Sannan ga harshe. 'Yan canji na Wuse Zone 4, 'yan kasuwar Dei-Dei, masu kayan marmari a Zuba, dillalan filaye, mutane ne masu juya kuɗi da yawa a kan amana da baki, kuma ranar da amana ta karye sun fi son lauyan da za su yi wa bayani da Hausa ba tare da tafinta ba. Irin wannan sanayya a masallacin Juma'a da wurin ɗaurin aure da zaman gaisuwa take ƙulluwa, ba a otal ba.

Ga mace, lissafin ya fi tsauri. Da yawa daga cikin hirar da ke kawo aiki bayan an tashi ake yinta, a wuraren da ba za ta je ba, ko in ta je a yi mata wata fassara. Akwai kuma manyan da ke ɗaukar neman aiki a matsayin wata dama, abin da mata lauyoyi suka daɗe suna kuka da shi. Ko shigar ma sai da aka yi gwagwarmaya: a watan Disambar 2017 aka hana Amasa Firdaus shiga zauren rantsuwa a Abuja saboda hijabi, sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Shi ya sa manyan mata a aikin, da ƙungiyoyi irin FIDA, suke zame wa ƙananan hanya mafi aminci.

Ƙofar gwamnati da 'yan damfara

Aikin gwamnati, wanda iyaye suka fi so, shi ne ya fi duhu. A ƙa'ida ana tallata gurbi, a yi rabo tsakanin jihohi bisa sa idon Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki yadda ake sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, aka ji shaidu a bainar jama'a suna bayanin kuɗin da suka biya, aka kuma ji yadda hukumomi ke neman izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da talla ba. Inda ake sayar da na gaske, na bogi ma yana samun kasuwa. Iyaye sun sha sayar da gona ko fili su tura wa wani da ya ce yana da hanya a wata hukuma, a ba yaro takardar kama aiki mai hatimi, ya je ya tarar ba a san da zamansa ba. Abin kunya ne a damfari lauya, shi ya sa ba a cika jin labarin ba.

Akwai ƙananan ƙofofi da suka fi wannan tsabta: mataimakin ɗan majalisa, cikin sanatoci 109 da wakilai 360, ko mai taya alƙali bincike, ko ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da suka cika birnin. Su ma dai ta bakin wani ake jin su. Ƙananan ayyukan da a da ke riƙe sabon lauya kuwa suna ta tsukewa. Rajistar kamfani ta koma intanet, mai shago yana iya yi da wayarsa. Yarjejeniyar haya da ta sayen fili, dillali ya kwafi tsohuwa ya canza suna.

Kakar da ofisoshin Abuja suka fi buɗe ƙofa ita ce ta zaɓe. Dokar zaɓe ta 2022 ta kai rigingimun fid da gwani Babbar Kotun Tarayya, kuma tsarin mulki ya ba mai ƙorafi kwana 21 ya shigar da ƙara bayan an faɗi sakamako, kotun zaɓe ta gama cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara cikin kwana 60. Wa'adin ba ya ɗaguwa, takardun sakamakon rumfuna kuwa buhu-buhu ne, dole a samu masu kwana suna tantance su. A irin wannan lokaci ne babban lauya ke tambayar kowa ko yana da yaro, kuma sababbi da dama a nan suka fara ganin kuɗi mai kauri da cikin Kotun Ƙoli. Bayan zaɓen 2023, Kotun Ƙolin ta yanke hukuncin shugaban ƙasa ranar 26 ga Oktoba, na gwamnan Kano kuma ranar 12 ga Janairun 2024. Da aka rufe waɗannan fayiloli, ofisoshi suka koma girmansu na da. An riƙe wasu daga cikin yaran, sauran suka sake buga CV, wasu kuma suka hau motar Kaduna da Kano suka buɗe nasu ofishin a kusa da gida, inda haya ke da sauƙi kuma mutane suka san iyayensu.